Yadda iri ke tsirowa: abin da ya kamata manomi ya sani kafin ya ɗauki sungumi

Kowace shekara, da watan Mayu ya kama, hadari ya fara haɗuwa ta gabas, hira ɗaya ce a fada da kasuwa da bakin rijiya: ku can an yi shibka? Ta fito? Manoma na cewa watan bakwai maƙarar rani, ko ba ruwa da alama. To amma alama daban, ruwan shibka daban. A garuruwa da dama na jihohin Maraɗi, Damagaram, Tawa da Doso, sai a yi shibka sau biyu, wani lokaci har sau uku, kafin gona ta tsaya. Kowace maimaitawa tana cin iri, tana cin ƙarfin iyali, kuma tana cin kwanaki daga damanar da duka-duka wata uku ce zuwa huɗu. Magidancin da ya ɓoye ƴan tiyoyin iri tun kaka, ya hana kansa da yara ci, shi ya san zafin wannan asara.

Shi ya sa muka ga ya dace mu tattara bayani wuri ɗaya game da yadda ƙwayar iri ke farkawa, abubuwan da take bukata, da abubuwan da ke kashe ta tun ba ta ga rana ba.

Mene ne a cikin ƙwayar iri?

Ƙwayar hatsi da ke cikin rumbu, duk da ta bushe ƙayau, mai rai ce. Tana numfashi a hankali ƙwarai, kamar mai barci mai nauyi. In kuka jiƙa ƙwayar wake ta kwana, kuka ɓare ta, za ku ga sassa uku.

Na farko ɓawo ne, wato fatar da ke kare ta daga ƙwari da cuta da bushewa. Na biyu ɗan tsiro ne, ƙaramin abu da ke naɗe kusa da idon waken, yana da ƴar saiwarsa da ƴan ganyayensa. Na uku abinci ne, guzurin da uwar ta ɗaura masa. A wake da gujiya, wadda wasu ke ce wa gyaɗa, guzurin yana cikin ɓari biyun nan da ƙwayar ke rabuwa. A hatsi da dawa da masara kuwa, shi ne garin da muke tuƙa tuwo da shi, ɗan tsiron yana manne a gefe ɗaya wajen gindin ƙwayar.

Har ranar da ganyen farko zai buɗe ya yi kore, ɗan tsiro ba ya samun abinci daga ko'ina sai daga guzurin nan. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Kun ga ke nan dalilin da ƙosasshiyar ƙwaya ke fin ƙanjamammiya ƙarfin fitowa, da kuma dalilin da tsofaffinmu ke zaɓen manyan zangarniyoyi tun a gona su ware su don iri.

Yadda abin ke faruwa a cikin rami

Mataki na farko shan ruwa ne. Ƙwayar na tsotsar laima daga ƙasar da ke manne da ita, ta kumbura, ɓawon ya yi laushi. Hatsi da dawa na shan abin da ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinsu. Wake ya fi su ƙishirwa, yakan sha kusan daidai nauyinsa.

Mataki na biyu, ruwan ya tada wasu sinadarai da ke narkar da garin ya zama sukari, abincin da ɗan tsiro ke iya sha. Mata masu tsirar da hatsi ko dawa don kunun zaƙi sun daɗe da sanin wannan: zaƙin da ake ji ba daga kanti ya zo ba, garin ƙwayar ne ya narke. A daidai wannan lokaci numfashin ƙwayar ke ƙaruwa sosai.

Mataki na uku, saiwa ta fasa ɓawo ta nufi ƙasa. Kullum saiwa ce ke fara fitowa, ko ta wane gefe ƙwayar ta faɗa cikin rami. Daga nan sai kan tsiron ya nufi sama. Hatsi da dawa na fitowa da tsini kamar allura, ƙwayar ta zauna a ƙasa. Wake kuwa yana fitowa a lanƙwashe, ya jawo ɓarinsa biyu har sama da ƙasa, shi ya sa ƙasa mai tauri ta fi wahalshe shi.

In komai ya daidaita, hatsi na fitowa cikin kwana uku zuwa huɗu, dawa da wake kwana uku zuwa biyar, gujiya wajen mako guda ko fiye kaɗan, tumatir kwana biyar zuwa goma, albasa mako guda zuwa kwana goma sha biyu.

Ga abin da ya fi muhimmanci a riƙe: kafin saiwa ta fito, ƙwayar da ta ɗan jiƙa tana iya sake bushewa ta rayu. Da zarar saiwa ta fito, ba komawa baya. In ƙasa ta bushe a lokacin, shi ke nan, tsiron ya mutu.

Sharaɗi na farko: ruwa

Tambayar da aka fi yi ita ce, wane ruwa ne ya isa shibka? A 1988 wani masanin yanayi na cibiyar ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai, M.V.K. Sivakumar, ya fitar da ma'aunin da har yau ake amfani da shi a Sahel. Ana cewa damana ta sauka in, daga 1 ga watan Mayu, aka samu aƙalla milimita 20 cikin kwana uku a jere, kuma a kwana 30 da ke biye ba a yi fiye da kwana bakwai babu ruwa ba.

Milimita ɗaya na nufin lita ɗaya a kan fili mai tsawon mita ɗaya da faɗin mita ɗaya. Milimita 20 ke nan kamar a juye bido mai lita 20 a kan kowace tabarmar ƙasa mai wannan girma. Rabin farko na ma'aunin ana iya ganinsa a ma'aunin ruwan sama na gari. Rabi na biyu kuwa, wato ko ruwa zai ɗauke bayan nan, ba mai gani sai ya wuce. Nan ne amfanin sauraren hasashen da hukumar kula da yanayi ta ƙasa da cibiyar AGRHYMET ta Yamai ke bayarwa, wanda gidajen rediyo ke watsawa.

Inda babu ma'auni, hannu ya isa. Washegarin ruwa a je gona a tona wurare uku ko huɗu, ban da kwari inda ruwa ke taruwa. In laima ta wuce tsawon tafin hannu, wato santimita 15 zuwa 20, kuma ƙasar na dunƙuluwa in an damƙe ta, ana iya shibka. In yatsa biyu kawai ta jiƙa, ƙasan busasshe, a yi haƙuri. A jigawa rana ɗaya ta bazara ta isa ta shanye wannan ƴar laima.

Kuma a gaggauta. Ruwan shibka ba ya jira: yinin farko da na biyu bayan ruwa su ne na aiki. Mai bin bayan mai sara ya taka ramin da kyau, don ƙwayar ta manne da jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ƙwayar da ke zaune cikin sako-sakon yashi ba ta shan ruwa yadda ya kamata.

Sharaɗi na biyu: iska

Tunda iri na numfashi, yana bukatar iskar da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa. In ruwa ya kwanta a fadama ko a ƙasar laka kwana biyu ko uku bayan shibka, ruwan ya kori iskar, irin ya shaƙe ya ruɓe. Wake da gujiya su suka fi saurin lalacewa ta wannan hanya. Shinkafa ce ta fita daban, tana iya tsirowa ko cikin ruwa.

Masu garka su kula da wannan. Yawan ban ruwa a fangalin reno na kashe iri kamar yadda ƙarancinsa ke yi. Abin da ake so ƙasa ta zauna da laima, kada ta zama taɓo. A zuba ruwa kaɗan-kaɗan safe da yamma da buta mai ƙananan huji, a gauraya ƙasar fangalin da yashi da ruɓaɓɓen taki in laka ta yi mata yawa.

Sharaɗi na uku: zafi daidai gwargwado

Kowane iri na da zafin da yake so. Hatsi ɗan ƙasar nan ne. Masu binciken tarihi sun samu shaidar nomansa a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali tun wajen shekara 4,500 da suka wuce, don haka ya saba da rana. Yana fara tsirowa daga wajen digiri 10 zuwa 12, ya fi sauri tsakanin 30 da 35, amma in zafin ƙasa ya haura 45 sai ya gaza. To, saman yashi da tsakar ranar watan Mayu yana wuce digiri 50. Wannan ne ke sa a ga tsiro ya fito da safe, bayan kwana biyu ya ƙone daidai inda ya taɓa ƙasa. Barin karan hatsi a shimfiɗe cikin gona na rage wannan zafi, yana kuma tare yashin da iskar gaban hadari ke kwasowa ta yanke ko ta binne ƙananan tsirrai.

Kayan garka da dama kuwa sanyi suke so. Salati ya fi tsirowa tsakanin digiri 15 da 22. In zafi ya kai 30, mafi yawan nau'o'insa sai su ƙi fitowa, ko da irin sabo ne. Wanda ya zuba salati a watan Afrilu bai fito ba, kada ya yi saurin zagin mai sayar da iri. Albasa da shu da karoti su ma sun fi jin daɗin lokacin da iska ta fara sanyi bayan kaka. In dole sai an yi reno cikin zafi, a yi wa fangali rumfa, a rufe shi da siririyar ciyawa, a zuba irin da yamma. Da an ga tsiro ya fara leƙowa a ɗauke ciyawar, in ba haka ba ya yi tsawo ya yi fari ya faɗi.

A ɗaya gefen, wake da gujiyar rani da aka shibka cikin tsananin ɗarin Disamba da Janairu suna jinkirin fitowa, kuma duk daɗewar iri a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ƙarin dama ce ga ruɓa.

Zurfi da haske

Guzurin ƙwaya na da iyaka. In aka binne ta da zurfi, sai ya ƙare kafin tsiron ya kai sama. In kuma aka bar ta sama-sama, ta bushe ko tsuntsu ya tsince. Ƙa'ida mai sauƙi: gwargwadon girman ƙwaya, gwargwadon zurfinta. Hatsi santimita 2 zuwa 4, wato kamar gaɓa ɗaya ko biyu ta yatsa. Dawa da wake 3 zuwa 5. Gujiya wajen 5. Riɗi santimita 1 zuwa 2, kuma a gauraya shi da yashi don kada ya zuba da yawa wuri ɗaya. Albasa da tumatir wajen santimita ɗaya. A jigawa ana iya ƙara zurfi kaɗan, a ƙasa mai nauyi a rage.

Mafi yawan abin da muke shibkawa ba ya bukatar haske kafin ya tsiro. Salati ne da wasu ƙananan ƙwayoyin ciyawa haske ke taimaka musu, don haka salati ƙasa kaɗan ake barbaɗa masa.

Akwai kuma matsalar ɓawon ƙasa. A geza da faƙo, in ruwa mai ƙarfi ya daki ƙasa sannan rana ta buɗe, saman yakan daskare kamar kasko. Tsiron ya taso ya tarar da rufi. Wannan na cikin dalilan da manoma ke zuba hatsi da yawa a rami ɗaya, don su taru su ɗaga ɓawon. Dabarar na aiki, amma sai an dawo an rage su cikin mako biyu zuwa uku, a bar uku masu ƙarfi, in ba haka ba su cinye juna.

Irin da ke ƙin farkawa

Wani irin, ko an ba shi ruwa da iska da zafi, ba ya motsi. Ba mutuwa ya yi ba, jira yake.

Ƴaƴan gawo da bagaruwa da kuka na da ɓawo mai tauri da ruwa ba ya ratsawa. A daji, sai sun bi ta cikin akuya ko saniya, ko sun daɗe rana da ruwa na dukansu, sannan su tsiro. Masu renon itatuwa na gajarta wannan jira ta hanya biyu: ko su tafasa ruwa, su sauke shi daga wuta, su zuba ƙwayoyin su bar su kwana ɗaya a ciki, ko su ɗan goge gefen kowace ƙwaya a kan dutse har farin ciki ya fara bayyana. A guji gefen da idon yake. Zogale ba ya bukatar ko ɗaya, cikin mako ɗaya zuwa biyu ya fito.

Gujiya iri biyu ce ta wannan fanni. Masu saurin nuna, irin su 55-437 da aka sani sosai a ƙasar nan, ba su da wannan barci. In ruwa ya sauka bayan sun nuna ba a cire su ba, sai su tsiro a cikin ƙasa, a yi asara. Masu daɗewa kuwa sukan yi makonni bayan girbi kafin su yarda su tsiro.

Babban gwanin jira shi ne ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta. Ƙwayarsa kamar ƙura take, gindi ɗaya na zubar da dubun-dubatai, kuma tana iya zama a ƙasa fiye da shekara goma. Ba ta tsirowa sai ta ji wani sinadari da saiwar hatsi ko dawa ke fitarwa. Amfanin sanin haka shi ne ana iya yaudarar ta. Saiwar gujiya da riɗi da auduga na sa ƙudujin hatsi ya tsiro, amma ba ya iya kama su, sai ya mutu da yunwa. Juya shibka daga shekara zuwa shekara na rage shi a hankali, musamman in ana tuge wanda ya fito kafin ya yi fure. A dai tuna wake na da nasa ƙudujin daban.

Binne: riba da kasada

Binne, wato shibka a busasshiyar ƙasa kafin ruwa, tsohuwar dabara ce, musamman ga mai gona da yawa ko mai nisa da gari. In ruwan farko ya zo da ƙarfi, mai binne ya riga kowa. Amma daga abin da muka faɗa a sama za ku ga inda haɗarin yake. Yayyafin milimita biyar ko goma ya isa ya tada ƙwayar, saiwa ta fito, sannan ƙasa ta bushe. Ga ɓeraye da tururuwa da zabi da kurciyoyi suna aikinsu kullum.

Wanda zai yi binne ya yi shi da hatsi, a jigawa, kusa da lokacin da ruwa ya saba sauka a yankinsa. Kada ya yi da wake ko gujiya. Kada kuma ya zuba irinsa duka, ya ajiye abin maimaitawa. Irin da aka saya da tsada, ruwan kirki ya kamata ya jira.

A gwada iri tun a gida

Wannan shi ne aikin da ya fi kowane sauƙi, kuma shi aka fi mantawa. Mako biyu ko uku kafin lokacin shibka, a ɗebo iri daga sama da tsakiya da ƙasan buhu, a gauraya, a ƙirga ƙwaya 100 ba tare da zaɓe ba. A jera su a kan jiƙaƙƙen tsumma mai tsabta ko guntun buhun algarara, a naɗe, a ajiye a inuwa inda kaji da ɓera ba sa kai wa. Kullum a yayyafa ruwa don kada ya bushe, amma kada ya yi tsamo-tsamo. Bayan kwana bakwai a buɗe a ƙirga waɗanda suka fitar da saiwa da kai masu lafiya. Gujiya da albasa a ba su kwana goma zuwa sha biyu.

In 80 ko fiye suka tsiro, iri ya yi kyau. In tsakanin 60 da 80 ne, ana iya amfani da shi amma a ƙara yawa. Misali, mai son tsiro takwas a rami, in irinsa 80 ne zai zuba ƙwaya 10, in 60 ne sai 13 ko 14. In bai kai rabi ba, a nemi wani tun da sauran lokaci. Ƙwaya 100 ta hatsi nauyinta wajen giram ɗaya ne kacal. Da giram ɗaya ke nan mutum zai san makomar gonarsa. Yaran makaranta ma na iya yin wannan ƙirga.

Ajiyar iri

Abu biyu ke tsufar da iri: laima da zafi. Wani masanin iri ɗan Amurka, James Harrington, ya bar ƙa'idar da ke cewa duk lokacin da laimar ƙwaya ta ragu da kashi ɗaya cikin ɗari, ko zafin ma'ajiya ya ragu da digiri biyar, tsawon ran irin kan ninka. A busasshen wuri iri na iya daɗewa fiye da yadda ake zato: a 2005 an tsirar da ƙwallon dabino mai kimanin shekara 2,000 da aka tono a Masada, kusa da Tekun Gishiri. A ɗakin kwano mai zafi kuwa, wata ƴan kaɗan sun isa su raunana shi.

Hatsi da dawa sun fi zama lafiya a zangarniyarsu cikin rumbu. Gujiya a bar ta cikin kwansonta, sai ana saura ƴan kwanaki shibka a ɓare da hannu. Wadda ta rabe biyu ko jar fatarta ta saluɓe, a ware ta don miya. Wake a shanya shi sosai, a sa a buhu mai riɓi uku, wato PICS, wanda aka fara yaɗawa a 2007 tare da masu binciken INRAN na Maraɗi, ko a bido mai murfi da ba ya shan iska. Waken da ƙwaro ya huda sau da yawa ba iri ba ne.

Don sanin ko ƙwaya ta bushe, a zuba busasshen gishiri a busasshiyar kwalba, a ƙara ƙwayar, a rufe, a girgiza, a bar ta ɗan lokaci. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, a mayar shanya.

Irin albasa shi ne mai gajeren rai. Bayan shekara ɗaya ƙarfinsa na faɗuwa ƙwarai, abin da manoman Galmi da Madawa suka sani sarai. Mai sayen irin gwangwani ko na leda ya duba ranar da aka rubuta, ya guji wanda ya sha rana a kan tebur.

Dabarun da ke taimaka wa tsiro

Jiƙa iri. A jiƙa hatsi ko dawa awa takwas, misali daga bayan isha'i zuwa asuba, a tsane, a baza a inuwa har ya daina manne wa hannu, a shibka a ranar. Yana fitowa da wuri da kwana ɗaya ko biyu. Sharaɗi: sai ƙasa na da laima. Irin da aka jiƙa ba na binne ba ne.

Maganin iri. Garin maganin da ake cuɗa iri da shi na kare shi daga ruɓa da ƙwarin ƙasa, da cututtuka irin su burtuntunar dawa. A bi adadin da ke rubuce a jikin leda ko a tambayi malamin gona. Guba ne fa: a rufe hanci da hannu, a wanke hannu da sabulu, a nesanta shi da yara. Ragowar irin da aka sa wa magani ba a ci, ba a ba dabba ko kaji, ba a kai shi kasuwa.

Taki ɗan kaɗan a rami. Masu bincike na ba da shawarar giram 6 na takin 15-15-15, ko giram 2 na DAP, a kowane rami. A gona mai rami 10,000 a hekta, wato mita ɗaya tsakanin rami da rami, kilo 60 ke nan ko kilo 20. Ƙwaya ba ta bukatar taki don ta tsiro, amfaninsa na zuwa ne bayan guzuri ya ƙare. A sa shi gefe, ƙasa ta raba shi da irin. Takin ure da ɗanyen kashin dabbobi na ƙone saiwa in sun taɓa ta.

Tassa. A faƙon jihar Tawa, wajen Illela da Badagishiri, ramukan tassa da ake zuba wa taki tun rani na tara ruwa daidai inda irin yake. Ƙasar da da ko ciyawa ba ta fitarwa ta koma gona ta haka.

Dunƙulen iri. A jihar Maraɗi, ƙungiyar manoma ta FUMA Gaskiya tare da INRAN da jami'ar Hohenheim ta Jamus sun gwada cuɗa hatsi da yashi da laka da ƴar tokar itace, a mulmula ƙanana, a shanya. Dunƙulen na kare ƙwayar daga ɓera da tururuwa, kuma ƙaramin yayyafi ba ya saurin tada ta.

In shibka ba ta fito ba, a tona a gani

Kafin a ɗora laifi a kan iri ko a sake zuba wani, a tona rami goma a sassa daban-daban na gonar. In ƙwayar na nan a bushe lafiya lau, ruwa ne bai kai ta ba, a jira. In ta kumbura ta ruɓe tana wari, ko ruwa ya yi yawa ko irin matacce ne. In saiwa ta fito ta bushe, ruwa ne ya ɗauke. In tsiron ya lanƙwashe ya yi rawaya a ƙarƙashin ƙasa, zurfi ne ko ɓawon ƙasa. In ba komai a ramin, ɓera ne ko tsuntsu ko tururuwa. Kowanne da maganinsa, kuma wanda bai tona ba zai iya maimaita kuskuren da ya yi.

In ramukan da suka mutu kaɗan ne, a cike gurbinsu kawai, ko a yi dashe da waɗanda aka rage, ranar da aka yi ruwa. In kuwa gonar duka ce kuma Yuli ya yi nisa, a nemi iri mai saurin nuna, kamar HKP mai kwana 80 zuwa 90, ko Chakti da aka fitar a Nijar a 2018, mai nuna cikin wajen kwana 65 zuwa 70. Malaman gona na komin sun san inda ake samunsu.

Gargaɗi ɗaya ga masu dabbobi: ɗanyen tsiron dawa, musamman wanda fari ya taɓa, na ɗauke da guba mai kashe tumaki da shanu cikin ɗan lokaci. A tsare su daga gonakin da suka fara fitowa.

Saukar ruwa ba a hannunmu take ba. Amma zaɓen iri, gwada shi, zurfin rami da ranar fita shibka duk a hannunmu suke. Wanda ya karanta wannan ya daure ya bayyana wa maƙwabcinsa da bai iya karatu ba, kuma a ƙirga ƙwaya ɗarin nan tun yau. Allah ya ba mu damana mai albarka.